Yadda aka dasa guba a event-stream, fakejin npm da aka karɓa da imel guda ɗaya

Akwai wani abu da ya faru a ƙarshen shekarar 2018 wanda har yau in na buga npm install sai ya faɗo min a rai, kuma inaga duk wanda yake rubuta manhaja ko yake ajiye kuɗi a walet ɗin waya ya kamata ya san labarin nan daki-daki. Ba a fasa saba ba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai a intanet, ba a saci kalmar sirrin kowa ba. Wani mutum ne kawai ya turo imel yace yana so ya taimaka da kula da wani tsohon aiki, mai aikin ya bashi, bayan wata biyu da ɗoriya sai ga kod ɗin satar Bitcoin a cikin wayoyin mutanen da basu taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bari in ɗan yi shimfiɗa saboda waɗanda ba 'yan harkar ba. Yanzu babu wanda yake zama ya rubuta manhaja tun daga tushe shi kaɗai. In kana buƙatar abinda zai lissafa maka kwanan wata ko ya karanta fayil ko ya canza kalar rubutu, ba sai ka sha wahala ba, wani ya riga ya rubuta ya ɗora kyauta. Irin wannan ƙunshin kod ɗin shi ake ce wa fakej, inda ake tara su kuma rumbu ne a intanet. Masu JavaScript nasu rumbun shine npm, wanda Isaac Schlueter ya fara a 2010, masu Python suna da PyPI, masu Ruby suna da RubyGems. Kowa zai iya buɗe asusu ya ɗora nasa, babu wani mai gadi da zai zauna ya karanta kod ɗinka layi-layi kafin a barshi ya shiga. Wannan sauƙin ne ya sa harkar ta bunƙasa haka, kuma ta nan ɗin dai ɓarna take shigowa.

Inda gizo ke saƙar shine fakej ɗin da ka sauke shima yana jingine da wasu, waɗannan wasun suma suna jingine da wasu, haka dai har ƙasa. Ka gwada ka gani, ka saka abu biyar kacal a package.json, fayil ɗin da ake jera fakej ɗin da aikinka ke buƙata, ka buga npm install, umarnin da ke sauko dasu, sannan ka buɗe foldar node_modules, zakaga foldoji ɗaruruwa sun jeru, sunayen da baka taɓa gani ba, kowanne kuma akwai wani ɗan adam a wani wuri a duniya da yake da ikon canza abinda ke ciki gobe da safe. Kai biyar ka zaɓa da hannunka, sauran duk gadonsu kayi.

Toh event-stream yana cikin irin waɗannan da ake gada. Dominic Tarr ne ya rubuta shi, ɗan ƙasar New Zealand, sananne a duniyar Node.js, injin da ke gudanar da JavaScript a kwamfuta, mai ɗaruruwan fakej a npm, shine kuma ya ƙirƙiro Secure Scuttlebutt, wani tsarin sada zumunta a intanet. Tun wajen 2011 ya fara shi, aikinsa shine sauƙaƙa sarrafa bayanan da suke zuwa kaɗan-kaɗan kamar ruwa a bututu. Zuwa 2018 ana sauke shi kusan sau miliyan 2 a kowane sati. Amma shi Dominic ya daɗe da wucewa wajen, ya daina amfani dashi shekaru, ya koma wasu ayyukan, fakej ɗin na nan dai yana tafiya da kansa kuma mutane nata turo ƙorafi da buƙatu ga mutumin da ko sisi ba a biyansa.

Yadda aka karɓi mabuɗin

Sai wani mai amfani da sunan right9ctrl ya tura masa imel yace zai ci gaba da kula da fakej ɗin. Dominic ya bashi dama a GitHub, shafin da ake ajiye kod kowa ya gani, ya kuma bashi ikon ɗora sabuwar siga a npm. Wanda bai san harkar ba zai ce wannan ai ganganci ne, amma gaskiya a duniyar buɗaɗɗiyar manhaja haka ake yi tun fil azal, in ka gaji da abu kuma wani ya nuna yana so sai ka miƙa masa, kuma Dominic ɗin ya faɗa daga baya cewa ya sha yin hakan da wasu ayyukansa ba a taɓa samun matsala ba. Yawancin masu zuwa su karɓa mutanen kirki ne masu buƙatar a gyara musu wani abu.

Shi kuwa right9ctrl bai yi gaggawa ba, nan ne zakaga mutum ne da ya zauna ya tsara abinsa. Farkon watan Satumba ya fara da 'yan gyare-gyare marasa illa, irin abinda duk sabon mai kula zai yi. Ranar 9 ga Satumba 2018 ya fitar da siga 3.3.6, a cikinta ya ƙara jingina da wani sabon fakej mai suna flatmap-stream. Ko wannan ma yanada hujja, domin shekaru kafin nan wani ya taɓa roƙon a ƙara wa event-stream wannan aikin na flatmap, saboda haka duk wanda ya duba sai yaga sabon mai kula ne yake biyan tsohuwar buƙata. Abinda babu wanda ya tsaya ya tambaya shine, wannan flatmap-stream ɗin daga ina? Sabo ne fil, wani asusu daban ne ya ɗora shi wanda bashi da wani tarihi, kuma kusan babu mai amfani dashi a lokacin.

Bayan 'yan kwanaki kuma sai yayi abinda ni a wajena shine mafi wayo a duk shirin. Ya cire flatmap-stream daga event-stream, ya rubuta aikin kai tsaye a ciki, ya fitar da siga 4.0.0 tsaf babu komai. Kaga duk wanda ya leƙa GitHub daga ranar zai ga kod mai tsafta. Amma su waye suke kan 4.0.0? Kusan babu kowa. Dalili kuwa, a package.json yawanci ana rubuta siga da wata 'yar alama a gaba, kamar ^3.3.4, ma'anarta bani duk sabuwar da ta fito matuƙar lambar farko bata canza daga 3 ba. Toh sabuwar ƙarshe a gidan 3 itace 3.3.6, mai ɗauke da gubar. Wato ya share sawunsa a inda ido ke kallo, ya bar kayan a inda injin ke ɗauka, kuma duk wanda ya sake npm install ba tare da ya kulle sigoginsa ba ita zai jawo.

Abinda ke cikin ƙunshin

Nan nake so mu ɗan daɗe, don ainihin darasin fasahar yana nan. Abinda mutane da yawa basu lura dashi ba shine kod ɗin da kake karantawa a GitHub da wanda kake saukewa daga npm ba dole su zama abu ɗaya ba. Mai fakej yana haɗa ƙunshi a kwamfutarsa ya tura npm, ita kuma npm a lokacin bata da hanyar tabbatar da cewa wannan ƙunshin daga wancan kod ɗin na GitHub ya fito. Kowa yana ɗauka ɗaya ne saboda yawanci ɗaya ɗin ne.

A siga 0.1.1 ta flatmap-stream, kod ɗin GitHub lafiya lau yake. Amma wanda ke npm akwai fayil mai suna index.min.js, irin fayil ɗin da ake matsewa a cire duk sarari da sunaye masu ma'ana har ya koma dogon layi ɗaya wanda ido baya iya bi, kuma shine wanda injin yake gudanarwa. A ƙarshen wannan layin aka liƙa ɗan ƙarin kod. Ko kalmomin da zasu iya jawo hankali ba a rubuta su a fili ba, an mayar dasu jerin lambobi da haruffa an zuba a wani fayil na daban cikin foldar test, wato inda ake ajiye kayan gwaji, wurin da ko mai bincike ya gani zai ce bayanan gwaji ne ya wuce. Shi ma wannan fayil ɗin babu shi a GitHub.

Wannan ɗan kod ɗin aikinsa ɗaya ne, ya buɗe wani ɓoyayyen kod da aka kulle da AES-256, tsarin rufe bayanai da sai da mabuɗi ake buɗewa. Toh ina mabuɗin? Ba a ajiye shi a cikin fakej ɗin ba sam. Duk manhajar da ake ginawa da npm tanada layin bayani a package.json, ɗan gajeren rubutu da ke faɗin menene manhajar, kuma in ana gudanar da umarni ta npm wannan rubutun yana samuwa a wani ma'aji mai suna npm_package_description. Kod ɗin sai ya ɗauki bayanin manhajar duk da ya tsinci kansa a cikinta ya gwada a matsayin mabuɗi. In bai buɗe ba, sai yayi shiru abinsa, ya haɗiye kuskuren, komai ya ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. A kwamfutoci ba adadi haka ya riƙa gwadawa yana kasawa yana shiru. Jimla ɗaya ce tak a duniya take buɗe shi: A Secure Bitcoin Wallet.

Wannan shine bayanin da ke cikin package.json na Copay, walet ɗin Bitcoin na kamfanin BitPay da ke Atlanta a Amurka. Copay ita ma buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa zai iya karanta yadda ake haɗa ta da abubuwan da take jingine dasu, saboda haka maharin ya zauna ya karanci gidan da zai shiga sarai kafin ya nemi ƙofar da ta fi rauni a can ƙasan sarƙar.

Ko an buɗe wannan ɓoyayyen kod ɗin ma, wato kashi na biyu, baya motsi sai ya tabbatar cewa umarnin da ake gudanarwa na haɗa sigar da za a fitar wa jama'a ne, yana duba ko sunan umarnin ya fara da build ya ƙare da release. In ma'aikacin Copay gwaji kawai yake yi a kwamfutarsa babu abinda zai gani. In kuwa ranar fitarwa ce, sai ya buɗe kashi na uku ya cusa shi cikin wani fayil mai suna ReedSolomonDecoder.js na wani fakej daban da ake amfani dashi wajen karanta lambar QR, a haɗa manhaja dashi a ciki, kamfanin da kansa ya sa hannu ya ɗora a shagon manhajoji. Ka duba fa, mai waya bai sauke jabun manhaja ba, ta gaskiyar ya sauke daga inda ya kamata.

Kashi na uku shine ɓarawon, shi a wayar mutum yake aiki. Yana duba asusun da ke walet ɗin, in abinda ke ciki ya haura Bitcoin 100 ko Bitcoin Cash 1000 sai ya kwashe bayanan asusun ya tura wata saba mai suna copayapi.host, sunan da aka zaɓa don yayi kama da na kamfanin. Sannan ya canza aikin da ke fito da mabuɗin sirri, ta yadda duk lokacin da mai walet ya saka kalmar sirrinsa don ya tura kuɗi, mabuɗin zai bi ta hannun ɓarawon tukuna. Abinda ake turawa ma a kulle yake da mabuɗin maharin, ko ka tare shi a hanya baka iya karantawa. A watannin Satumba da Oktoba na 2018 Bitcoin ɗaya ya haura dala 6,000, kaga Bitcoin 100 ana maganar sama da dala 600,000 kenan a asusu ɗaya. Manyan kifaye kawai yake nema, ƙananan ya barsu don kada hayaniya ta tashi da wuri.

Yadda asiri ya tonu

Abin da ke bani tsoro har yanzu shine babu wata na'urar tsaro da ta kama shi. Umarnin npm audit ya riga ya fito a wannan shekarar, amma shi yana duba jerin matsalolin da aka riga aka sani ne, abinda ba a kai rahotonsa ba bai san dashi ba. Kuskure ɗaya ƙarami maharin yayi. Wajen buɗe ɓoyayyen kod ɗin yayi amfani da wani tsohon aiki na Node mai suna crypto.createDecipher, kuma ana cikin haka a watan Oktoba 2018 sai Node 11 ta fito, wadda ta fara buga gargaɗi a allo duk lokacin da aka kira wannan tsohon aikin, tana cewa an kusa daina amfani dashi.

Sai masu amfani da nodemon suka fara ganin gargaɗin. Shi nodemon ɗan kayan aiki ne da ke sake tayar maka da saba duk lokacin da ka canza kod, me ya haɗa shi da buɗe rufaffen saƙo? Babu. A ƙarshen Oktoba wani ya kai ƙorafi cewa ga wani gargaɗi yana fitowa. Da aka bi sarƙar sai ga ta: nodemon yana jingine da pstree.remy, shi yana jingine da ps-tree, shi kuma da event-stream, shi kuma da flatmap-stream. Hawa huɗu ƙasa da abinda mutum ya saka da hannunsa.

Ranar 20 ga Nuwamba wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a California ya buɗe ƙorafi a shafin event-stream na GitHub, ya nuna ƙarin kod ɗin da ya gano a matsattsen fayil ɗin, ya tambayi Dominic dalilin da ya sa aka ba wannan mutumin dama. Amsar Dominic gajeriya ce, yace mutumin ya turo masa imel yana so ya kula da fakej ɗin shi kuma ya bashi, baya samun komai daga kula dashi, kuma ya shekara da shekaru baya amfani dashi. Ya ƙara da cewa yanzu ma bashi da ikon ɗora komai a npm da sunan fakej ɗin, wato ko yana so ya cire gubar bashi da hanya.

Kusan kwana shida abin yana nan a fili ba a ɗauki mataki ba, sai ranar 26 ga Nuwamba labarin ya bazu. A ranar mutane suka taru a kan ɓoyayyen kod ɗin, an ga yana amfani da bayanin manhaja a matsayin mabuɗi amma ba a san wace manhaja ba, sai wasu suka kwaso bayanan dubban fakej daga npm suka riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya har aka dace da wani mai suna copay-dash, wanda reshe ne na Copay mai ɗauke da jimla iri ɗaya. Nan take kod ɗin ya buɗe kowa ya ga abinda aka shirya. A ranar npm ta cire flatmap-stream da siga 3.3.6 daga rumbun ta kuma karɓe ikon event-stream. Kamfanin tsaro na Snyk ya ƙiyasta an sauke fakej mai gubar kusan sau miliyan 8 a tsawon wannan lokacin.

Na tuna daren da na ga labarin, umarnin da kowa ke yaɗawa shine npm ls event-stream flatmap-stream, ka shiga foldar aikinka ka buga ka gani ko kana ciki. Na shiga wani ɗan aiki nawa da ko kusa bashi da alaƙa da kuɗi, na buga, sai ga bishiyar ta fito layi a ƙarƙashin layi kowanne ya ɗan matsa dama, a can ƙarshe flatmap-stream@0.1.1. Na san ba ni ake nema ba, kod ɗin bai taɓa buɗewa a wajena ba, amma wallahi sai da jikina yayi sanyi, domin makonni kenan kod ɗin wani baƙo yana tashi a kwamfutata duk lokacin da na fara aiki, da ikon karanta duk fayil ɗin da ni zan iya karantawa, kuma abinda ya hana shi taɓa ni shine kawai mai shi bai ga dama ba.

Su kuwa masu Copay abin ya taɓa su da gaske. Da farko an ce sigar da ke da gubar bata kai ga jama'a ba, daga baya BitPay ta tabbatar cewa tana cikin siga 5.0.2 har zuwa 5.1.0. Suka fitar da 5.2.0, suka ce kada kowa ya sake buɗe tsohuwar, kuma kowa ya ɗauka mabuɗinsa na sirri ya riga ya fita. Akwai wani gargaɗi da suka yi mai muhimmanci wanda mutum zai iya kuskurewa cikin ruɗu: kada ka ɗauki kalmomin nan 12 na ajiya ka zuba a sabuwar manhajar kace ka tsira, domin waɗannan kalmomin sune mabuɗin da ake tsoron an sace. Sai dai ka ƙirƙiri sabon walet fil mai sabbin kalmomi, ka tura duk kuɗin can.

Laifin wa?

An yi wa Dominic ca a lokacin, wasu har da zagi, wai ya miƙa amanar miliyoyin mutane ga wanda bai sani ba. Ni dai ban yarda da wannan hukuncin ba, kuma zan faɗi dalilina. Eh, da ya sanar a fili cewa ya sauka kuma ga wanda ya karɓa, da wataƙila wani ya sa ido. Wannan gaskiya ne. Amma mutumin nan ya rubuta abu don jin daɗinsa ya bayar kyauta ƙarƙashin lasisin MIT, wanda a rubuce yake da manyan baƙaƙe cewa an baka kayan nan yadda yake babu wani garanti. Bai taɓa sa hannu da kowa cewa zai yi gadin wannan fakej ɗin har ƙarshen ransa ba. A bayanin da ya rubuta daga baya yace in abu ya daina yi maka daɗi babu abinda kake samu daga kula da fakej mai farin jini, farin jinin ma ƙarin nauyi ne kawai, kuma ya kawo mafita biyu, ko a biya masu kula, ko kuma wanda ya dogara da abu ya shigo ya ɗauki rabonsa na kula dashi.

Ka auna ɓangarorin biyu. A gefe ɗaya mutum guda da ba a biya. A ɗaya gefen kamfanoni masu ma'aikata da albashi da suke gina kayan sayarwa a kan aikinsa, cikinsu har da masu riƙe wa mutane dukiya. Wa yafi ƙarfin ya zauna ya duba me ya canza tsakanin 3.3.5 da 3.3.6? Duk manhajar da ke taɓa mabuɗin kuɗin mutane, a ganina sabon suna bai kamata ya shiga jerin abubuwan da take jingine dasu ba sai wani ɗan adam ya buɗe ainihin ƙunshin da ya sauko daga rumbu ya karanta, ba na GitHub ba. Fayil ɗin package-lock.json ya zo tun npm 5 a 2017, yana rubuta takamaiman sigar kowane fakej har na can ƙasa, saboda haka ranar da flatmap-stream ya shigo dole sabon layi ya bayyana a cikinsa. Matsalar itace fayil ne mai dubban layuka, yawancinmu in mun ga ya canza sai mu wuce kawai mu amince, ni ma haka nake yi kafin wannan lamarin.

Kuma kada wani yace ai tsautsayi ne na sau ɗaya. A watan Maris 2024 aka kama kusan irin wannan a xz Utils, kayan matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Mai kula dashi Lasse Collin shi kaɗai ne kuma ba biyansa ake ba, wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa har ya zama abokin kula, sannan ya dasa ƙofar baya a siga 5.6.0 da 5.6.1. Ina ya ɓoye ta? A fayilolin gwaji, kuma wani ɓangaren yana cikin ƙunshin da ake saukewa ne kawai babu shi a ma'ajin kod. Wanda ya gano, Andres Freund, injiniya ne da ke aikin PostgreSQL, ya lura shiga ta SSH, hanyar da ake shiga wata kwamfuta daga nesa, ta ƙara kusan rabin daƙiƙa ne ya ƙi barin maganar. Gajiyayyen mai kula, baƙo mai haƙuri, foldar gwaji, bambanci tsakanin abinda ake karantawa da abinda ake saukewa, duk sun sake dawowa bayan shekara biyar da 'yan watanni.

An samu gyara a npm tun daga lokacin, ba zan hana su haƙƙinsu ba. GitHub ta sayi npm a 2020, a 2022 aka fara tilasta wa masu manyan fakej tabbatar da shiga ta mataki biyu, a 2023 kuma aka kawo tsarin shaidar asali da ke amfani da Sigstore, wanda ke nuna cewa wannan ƙunshin daga wannan kod ɗin aka haɗa shi kuma ga injin da ya haɗa. Tsarin shaidar asalin nan da ana amfani dashi a 2018 kuma ana dubawa, da dabarar ɓoye abu a index.min.js tayi wuya sosai, saidai ba dole bane, mai fakej ne ke zaɓar ya kunna. Shiga ta mataki biyu kuwa tana maganin satar asusu ne, irin abinda ya faru da eslint-scope a Yulin 2018 da ua-parser-js a Oktoban 2021, amma right9ctrl bai saci asusun kowa ba, da nasa ya shiga, kuma da an ce ya kunna mataki biyu da ya kunna abinsa ya ci gaba da aiki. Har yau in mai fakej yana so ya ƙara wani a matsayin mai iko, layi ɗaya zai buga, npm owner add sai sunan mutumin sai sunan fakej ɗin, kuma kai da kake hawa huɗu a sama babu saƙon da zai zo maka cewa hannu ya canza.